Ni Jiri, Shi Ko Gezau

Ku yi haƙuri da ni yau, zuciyata ba daɗi nake wannan rubutun. Wata baiwar Allah ta rubuto min kwanaki tana cewa, "Ke kam kin more, ga aiki ga masoyi." 'Yar'uwa, na gode, Allah Ya sa bakinki ya bi ni da alheri. Amma ki karanta na yau tukuna, sai ki faɗa min ko har yanzu kina nan a kan bakanki.

Ga waɗanda yau suka fara haɗuwa da ni, ina aiki a asibiti, a ɗakin hoto na can ƙasan bene. Akwai wata na'ura mai kama da ƙaton bututu, a kwantar da mutum a tura shi ciki a ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsa ko ƙashin bayansa. Maganaɗisu ne zalla a cikinta, kuma ba a kashe shi, ko ana aiki ko ba a yi. Shi ya sa ba na saka 'yan kunne, ba agogo, ba fil a mayafi. Ɗan kwali nake ɗaurawa in ja hula mai roba a kai. Ƙanwata Auta ta ce duk safiya ina fita kamar wadda aka yi wa fashi a hanya.

Shi kuma wanda nake so malamin lissafi ne a makarantar sakandare. A wayata "Lissafi" na sa masa, shi kuma yana kirana "Likitata", ko da yake na gaji da gaya masa ni ba likita ba ce. Ranar da muka fara haɗuwa ya kawo mahaifinsa ne a yi masa hoto, tsohon yana tsoron shiga, na riƙe masa hannu har aka gama. Daga nan aka fara gaisuwa, gaisuwa ta zama hira, har magana ta kai gaban manya. Komai yana tafiya lafiya lau, sai wannan satin.

Akwai abin da ban taɓa ɗauka da muhimmanci ba. In na sunkuya da sauri kusa da bakin na'urar, ko na juya kaina da gaggawa, sai in ji jiri, ɗaki ya ɗan karkace, bakina ya yi wani ɗanɗano kamar na tsotsi mukulli. Ba ya daɗewa. In na tsaya cak na ɗan lokaci sai ya wuce. Abokin aikina, wanda muke kira Sarkin Shayi saboda kofinsa ba ya rabuwa da hannunsa, ya yi shekara da shekaru a ɗakin, yana cusa kansa har kafaɗa cikin bututun yana gyara wa mutane matashi, ko gezau.

"Kanki ne ba nauyi," haka yake ce min. "Ki riƙa karyawa da safe."

Watan jiya wata likita ta zo daga jami'a tana bincike a kan wannan ɗin, wato ko maza da mata suna jin ƙarfin maganaɗisu iri ɗaya. Dakta muke ce mata kawai. Gajeriya ce mai gilashi, ba ta da yawan magana. Na tambaye ta me ya sa ni nake jin jiri, Sarkin Shayi ba ya ji.

"Abin da na zo nema ke nan," ta ce. "Wasu masu bincike sun ga mata sun fi kawo ƙorafin jiri, wasu ba su ga bambanci ba. Wataƙila daga cikin kunne ne, wataƙila daga jiki ne. Wataƙila kuma mazan suna ji su haɗiye, kin san halinsu."

Sarkin Shayi ya ce shi dai ba ya haɗiyar komai sai shayi. Muka yi dariya. Wallahi da na san inda maganar za ta kai ni, da ban yi dariyar nan ba.

Ranar Talata da hantsi ina duba sunayen masu jiran hoto, sai na ɗaga kai na ga yayar Lissafi zaune a kan benci. Babbar yayarsu ce, ita ta riƙe shi yana ƙarami, a gidansu in ta yi magana ko mamarsu sai ta saurara. Ta sha doguwar riga ruwan toka mai duwatsu a wuya, mayafi mai sheƙi, awarwaro har gwiwar hannu, turarenta ya danne warin maganin asibiti.

"Yaya, ina kwana? Lafiya dai?"

"Wuyana ne ya matsa min. Likita ya ce a yi hoto, na ce ai muna da 'ya a wajen, me zai kai ni wani wuri?"

Ta yi murmushi, amma idonta yana kan hulata da silifas ɗin robar da ke ƙafata. Na san ciwon wuyan gaskiya ne, na kuma san ba shi kaɗai ya kawo ta ba.

Na kai ta ɗakin canza kaya. Cire awarwaron nan kaɗai ya ci lokaci. Sarƙa, zobba, fil-fil na mayafi, har da wani ɗan ƙarfe a jikin rigar ciki. Tana cirewa tana tambaya.

"Duk wannan saboda me?"

"Na'urar tana jan ƙarfe, Yaya. Da ƙarfi sosai."

"To jinin mutum fa? Ba an ce akwai ƙarfe a jini ba?"

"Ba irin wanda take ja ba ne."

"Uhm," ta ce. Ku da kuke da dangin miji kun san wannan uhm ɗin.

Na kwantar da ita, na sa mata abin toshe kunne, na ba ta ƙwallon roba a hannu na ce in ta ji ba daɗi ta matsa. Muka tura ta ciki, na koma bayan gilashi kusa da Sarkin Shayi. Na'urar ta fara bugun nan nata kamar ana daka ƙarfe. Ba a je ko'ina ba ƙararrawa ta ɗauka, ga ƙafafun Yaya suna harbin iska, tana ihu a fito da ita, numfashinta zai ɗauke.

Da wata ce, da na shiga a natse kamar yadda aka koya mana. Amma yayarsa ce. Na ruga da gudu, na danna gadon ya fara fitowa, na cusa kaina bakin bututun ina cewa, "Ga ni nan, Yaya, ga ni," na juyo da sauri in cire mata abin da ya riƙe kanta. Nan take ɗakin ya juya min. Bango ya koma ƙasa, bakina ya cika da ɗanɗanon ƙarfe, ƙafafuna suka ƙi ɗaukata. Sai ji na yi gwiwoyina sun bugi tayil.

Sarkin Shayi ne ya shigo ya ƙarasa fito da ita, ya sunkuya daidai inda na sunkuya, ya ɗago ta zaune, ko ƙyaftawa bai yi ba. Da na ɗago kai, Yaya ta daina haki. Tana zaune a bakin gado cikin rigar asibiti, ba sarƙa ba awarwaro, tana kallona a durƙushe a ƙasa.

"Haka yake miki kullum?"

"A'a, Yaya. Sauri na yi."

"Shi ga shi bai faɗi ba."

Ta sauko daga gadon. Ta ce ta fasa hoton, a ba ta kayanta.

Kafin in isa gida da yamma labari ya riga ni. Na tarar da Umma a kan keken ɗinkinta a tsakar gida, yadi shuɗi a cinyarta, amma ƙafarta ba ta taka keken. Umma tela ce, da keken nan ta yi min karatu tun bayan rasuwar Baba. Ranar da na samu aikin nan har rawa ta taka a gaban maƙwabta, ita da ba ta ko son a ga haƙoranta a waje.

"Sannu da gida, Umma."

"Yauwa. An ce kin faɗi."

"Ban faɗi ba, durƙusawa na yi."

Auta ta leƙo daga ɗaki da waya a hannu, ta yi min alama da ido in zo. Yaya ta turo wa Umma wani bidiyo, Umma kuma ba ta iya buɗewa sai Auta ta buɗe mata. Wani mutum ne da farar riga, ba suna ba wurin aiki, yana bayani da ƙarfin hali wai maganaɗisu ya fi cin jikin mace, wai yana busar da mahaifa. A ƙarƙashi Yaya ta rubuta: "Umma, don Allah a duba wannan. Ni da idona na gani yau. Namijin ko a jikinsa, ita kuwa sai da ta zube. Ba don komai ba, don gaba."

Don gaba. Na zauna a bakin katifa ina maimaita kalmar nan har aka kira magariba.

Sai ga saƙon Lissafi.

"Likitata, kina lafiya? Yaya ta ce kin suma."

"Ban suma ba. Jiri ne, ya wuce."

"Ya taɓa yi miki?"

Na rubuta "a'a", na goge. Na rubuta "wani lokaci", na tura.

Ya daɗe yana rubutu yana tsayawa, ina kallon ɗigon nan uku suna rawa. Daga ƙarshe abin da ya fito: "Mama ta kira ni ɗakinta. Zan kira ki."

Bai kira ba.

Washegari na tare Dakta a ɗan ofishin da aka ba ta, na rufe ƙofa, na nuna mata bidiyon. Ta kalla har ƙarshe, ta cire gilashi ta murza ido.

"Wannan shirme ne. Bai san abin da yake faɗa ba."

"To Dakta, ki faɗa min da bakinki. Aikin nan zai hana ni haihuwa?"

"Ban san wani sahihin bincike da ya nuna haka ba. Mata da yawa suna wannan aikin suna haihuwa. Jirin da kike ji yana zuwa ya wuce, ki daina juya kai da sauri."

"Za ki iya rantsewa ba abin da zai same ni?"

Ta dube ni da tausayi. "Ƙanwata, ba likitan kirki da zai rantse miki a kan haihuwa, ko da a gona kike aiki. Abin da na sani na faɗa miki. Abin da ban sani ba shi nake nema."

Na san gaskiya ta faɗa. Amma ku gaya min, wa zai ɗauki "ban san binciken da ya nuna haka ba" ya kai wa uwar miji? Mai bidiyo ya yi magana kamar ya ga abin da idonsa, mai ilimin kuma tana auna kowace kalma. A gidanmu da gidansu na san wanda za a saurara.

Ranar Alhamis bayan an tashi makaranta, ina goge gadon na'ura, Sarkin Shayi ya leƙo ya ce ina da baƙo. Na fito na ga Lissafi tsaye a bakin ƙofa, farar riga mai dogon hannu, garin alli a gefen wandonsa, idanunsa sun faɗa kamar wanda ya yi jinya.

"Na ji an ce likitar nan tana neman maza da za su shiga gwajinta," ya ce. "Na zo."

"Wa ya gaya maka?"

"Ke. Kin manta kin ce mata sun fi zuwa, maza suna gudu?" Ya yi ɗan murmushi. "Ina so in shiga da kaina. In na fito sai in ce wa Mama na shiga, na gani, ba komai. Ba za ta ce ɗanta ƙarya yake ba."

Kun ga irin abin da yake sa in kasa cire shi daga raina? Na juya baya don kada ya ga idona.

Dakta ta yi masa tambayoyinta, ko an taɓa yi masa aiki, ko akwai ƙarfe a jikinsa. Ya ajiye agogo, waya, mukullan babur, bel, har da biron da ke aljihun gaba. Ya shigo ɗakin yana riƙe da wando da hannu ɗaya, Sarkin Shayi yana yi masa tsiya wai ango ya zo gaisuwa ba bel. Gwajin ba wuya. Mutum ya tsaya a bakin bututun, ya sunkuya, ya juya kai dama da hagu yadda Dakta ta ce, sannan ya taka a kan wani layi da aka manna a ƙasa, ya faɗi abin da ya ji.

Ya sunkuya. Ya juya kai. Ya ƙara juyawa da sauri fiye da yadda aka ce masa. Ya miƙe ya taka layin nan tiryan-tiryan kamar soja.

"Me ka ji?" in ji Dakta.

"Wallahi ban ji komai ba." Ya juyo gare ni fuskarsa a sake, karon farko a satin. "Likitata, ba komai! Wannan ne abin da ake ta surutu a kai? Zo ki yi, mu yi tare, in ce mata tare muka yi."

Dakta ta ce ba dole ba ne, an riga an gwada ni. Da na bi maganarta. Amma yana tsaye yana miƙo min hannu, murna fal idonsa, ni kuma ina so ya tafi gida da wannan murnar. Na ce a raina zan yi a hankali.

Na sunkuya kusa da shi, kafaɗata tana kusan taɓa tasa. Na juya kai dama. Na juya hagu. Sai abin ya zo, bai ma kai na ranar Talata ba, ɗan kaɗan ne. Na cije leɓe na miƙe, na ɗora ƙafa a kan layin, ta biyu ta kauce. Na dafa bango.

Shi ke nan. Dafa bango kawai na yi. Amma da na ɗago na ga fuskarsa, na san an gama. Murnar ta zube. Yana kallona irin kallon da yayarsa ta yi min, sai dai nasa da tsoro a ciki, da so, wanda ya fi ciwo.

"Wuri ɗaya muka tsaya," ya ce a hankali.

"Mutum da mutum sun bambanta," Dakta ta ce. "Akwai mazan da na gwada suka ji, akwai matan da ba su ji ba. Wannan bai nuna komai a kan lafiyarta ba."

Ya gyaɗa mata kai cikin ladabi, amma na san bai ji ba. A waje yana ɗaura agogo, ya kasa saka maɗaurin.

"Me za ka ce wa Mama?" na tambaye shi.

"Ban sani ba. Na zo in samo abin da zan faɗa mata, yanzu in na faɗi gaskiya na kashe mu, in na yi ƙarya kuma..." Ya tura agogon cikin aljihu. "Ba za su iya mayar da ke wani sashe ba? Wajen karɓar kati, ko wani wuri?"

"Karatun wannan na yi. Shi na iya. Shi nake so."

"Na sani."

"To?"

"Ni ma ke nake so," ya ce, ya hau babur ya tafi bai waiwayo ba.

Yau Juma'a da safe na fito ban ga Umma a kan keke ba. Auta ta ce ta fita tun da wuri kai ɗinki. Ban kawo komai a raina ba. Ina isa asibiti, ko jaka ban ajiye ba, Sarkin Shayi ya ce shugaban sashe yana nemana. Bai yi min tsiya ba, bai ko kalle ni ba, kofinsa yana ajiye ya huce.

Ina hawa bene ina shirya abin da zan faɗa. Na gama yanke wa Lissafi hukunci a raina, na ce lallai shi ne ya zagayo ta bayana ya roƙi a canza min wuri. Ko kuma Yaya. Har na tanadi kalaman da zan tura masa.

Na ƙwanƙwasa na tura ƙofa. Umma ce zaune a kujerar baƙi. Ta saka mayafinta mai ruwan ƙasa da ba ta fito da shi sai za ta wuri mai muhimmanci, ta haɗa hannuwa a cinya, ƙafafunta a takure ƙarƙashin kujera.

"Umma?"

Ba ta kalle ni ba. Shugaba ya yi gyaran murya ya ce mahaifiyata ta zo da roƙo a mayar da ni sashen ajiyar katunan marasa lafiya. Ya ce ya yi mata bayani iyakar iyawarsa cewa ba a san aikin da wata illa irin wadda take tsoro ba, kuma ba ya son rasa ni a ɗakin hoto. Amma akwai gurbi a can, in ni na amince.

"Umma, ke ma kin yarda da bidiyon nan?"

"Ban yarda ba," ta ce. "Ban yarda da ko kalma ɗaya ba."

"To me ya kawo ki?"

Sai a lokacin ta ɗago. "Kin san shekarun da na yi a gidan babanki kafin in same ki? Ba ki sani ba, ban taɓa faɗa miki ba. Ba na'ura, ba maganaɗisu, ba komai, Allah ne bai kawo ba. Amma ba irin sunan da danginsa ba su kira ni da shi ba. Ni ba su da abin nunawa ma sun yi min haka. Ke kuwa kin ba su abin nunawa tun kafin ki shiga. In kika yi wata shida shiru, ba za su ce Allah ba, za su ce injin. In kika yi ɓari, injin. In yaro ya yi zazzaɓi, injin. Har ki mutu kina amsa tambayar ɗakin nan." Ta share ido da bakin mayafi. "Ni na kai ki karatun nan da ƙafata a kan keke. Na fi kowa sanin abin da nake roƙo ki bari."

Shugaba ya sunkuyar da kai yana juya biro. Ni kuwa na rasa inda zan sa idona. Da Yaya ce da na yi faɗa. Da Lissafi ne da na yi fushi in huce. Amma Umma, da me zan yi faɗa da ita?

"Ba sai yau ba," Shugaba ya ce. "Ki je ki yi tunani, ki ba ni amsa ranar Litinin."

Na raka Umma bakin titi. Da motar haya ta tsaya, ta gyara min hulata da ta karkace, ta shiga. Na koma ƙasa, akwai wata tsohuwa da ke jiran hoton ƙugu, tana tsoron shiga. Na riƙe mata hannu har aka gama, ta yi ta sa min albarka, tana cewa Allah Ya bar ni a wurin nan saboda irinsu.

Da na fito na buɗe akwatin da muke ajiye waya, na tarar da saƙo ɗaya daga Lissafi.

"Na faɗa wa Mama gaskiya, duk abin da na gani. Ta ce ranar Lahadi za ta zo wajen Umma da kanta. Ta ce kada in biyo ta."